Murhun da Ruwa Ke Hurawa: Makankari da Zafin Teku

 

A shekarar 2006 wani jirgin bincike ya ja ƙarfen yasa a ƙasan teku, arewa da tsibirin Ayislan, ya kwaso tarin makankari daga zurfin kusan mita 80. Masana daga Jami'ar Bangor da ke yankin Wels a Birtaniya suka zuba su cikin ƙanƙara kamar yadda aka saba, aka kai su ɗakin bincike. Ɗaya daga ciki bai fi tafin hannun yaro ba, tsawonsa bai cika santimita 9 ba. Da aka yanka ɓawonsa aka ƙirga layukan da yake ajiyewa, ɗaya kowace shekara, sai aka sami 405. Bayan wasu shekaru aka sake ƙirgawa a inda layukan ba su cunkushe ba, aka gwada da wasu hanyoyin auna shekaru, kuma a 2013 aka sanar da adadi na gaskiya: shekara 507. Ke nan ya zo duniya a 1499, shekarar da mulkin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ya ƙare. 'Yan jarida suka raɗa masa suna Ming, don a zamanin daular Ming ta ƙasar Sin ya fara rayuwa.

Wannan lacca ta taso ne daga tambayar da kowa kan yi idan ya ji labarin nan. Ta yaya ɗan naman da bai cika cokali biyu ba zai yi ƙarni biyar cikin taɓo? Amsar tana farawa daga sanyin ruwan da yake ciki, ko da yake ba a nan ta tsaya ba.

Makankari ba baƙo ba ne ga wanda ya tashi kusa da kogi. Shi ne halittar nan mai ɓawo biyu da ke buɗewa da rufewa kamar akwati, wanda yara ke tonowa a yashi idan ruwa ya janye, mata su ɗauki ɓawon su kankare ƙanzon tukunya. Wasu ƙumba suke ce masa. Na teku danginsa ne, kuma suna da dubban iri. Ba shi da kai, amma yana da zuciya da hanji da matatar numfashi irin ta kifi. Yana da ƙafa guda, tsoka ce mai kama da harshe. Yawancin masu shiga ƙasa suna da bututu biyu da suke miƙowa har saman yashi: ɗaya na zuƙo ruwa, ɗaya na fitar da shi. Da wannan ruwan yake numfashi, daga cikinsa kuma yake tace ƙananan tsirran da ido ba ya gani, su ne abincinsa.

Wanda bai taɓa ganin yana haƙa ba, ya ajiye ɗaya a kan jiƙaƙƙen yashi a cikin kwano ya zuba ido. Zai ɗan jima shiru. Sai ɓawon ya buɗe kaɗan, ƙafar ta leƙo, ta laluba, ta soki yashin. Sai ya tura jini zuwa ƙarshen ƙafar, ta kumbura ta zama turke. Daga nan ya matse ɓawonsa farat ɗaya, ruwan da ke ciki ya feso ya sassauta yashin da ke kewaye, ya ja jikinsa ƙasa zuwa ga turken. Ya huta, ya sake. Haka zai yi ta yi har ya ɓace, a bar 'yan ramuka biyu a sama. A riƙe wannan hoto, domin haƙa aiki ne mai tsada a rayuwarsa, kuma za a dawo kanta.

Jikin ɗan Adam yana tsaye a kan digiri 37 a ma'aunin Salshiyas, ko a Agadas yake ko a Jos. Don ya riƙe wannan zafi yake ƙona kaso mai yawa na abin da ya ci. Makankari ba ya wannan ɗawainiya. Zafin jikinsa shi ne zafin ruwa da taɓon da ke kewaye da shi, kamar yadda ƙadangare ke daskarewa da safiyar hunturu har sai ya hau katanga ya sha rana. Bambancin shi ne ƙadangare na iya sauya katanga. Makankari kuwa inda ya zauna nan ne gidansa, iyakar tafiyarsa 'yan santimita sama ko ƙasa.

Ƙona abinci a cikin jiki, wato mai da shi ƙarfin da zuciya za ta buga da shi, tsoka ta motsa, nama ya ginu, aiki ne na haɗuwar sinadarai, kuma zafi na hanzarta shi. Duk mai tuyar waina ta san wannan: ƙullun da zai kwana bai tashi ba a hunturu, a bazara kafin a ankara ya cika roba. Masana biyu, Van't Hoff ɗan Holan da Arrhenius ɗan Suwidin, su ne suka sa wa lamarin lissafi a ƙarshen ƙarni na 19, sannan August Krogh ɗan Denmak ya gwada shi a jikin dabbobi a 1914. Abin da aka gano shi ne, ga halitta irin wannan, duk ƙarin digiri 10 yakan ninka saurin ƙona abinci sau biyu, wani lokaci har sau uku. Masana na kiran wannan ma'auni Q10. Idan aka ɗauki ninki biyu, makankarin da ke ruwa mai digiri 20 yana kashe ninkin abin da zai kashe a digiri 10. A digiri 30 ya zama ninki huɗu, alhali yana kwance bai ɗaga ko ƙafa ba.

Yadda ake aunawa ba shi da wuya. Ana saka shi a tulun gilashi mai cike da ruwa, a toshe, a duba yawan iskar oksijin da ta ragu bayan awa ɗaya. Iskar da ya sha ita ce shaidar wutar da ke ci a jikinsa.

To, a nan ne matsalar take, domin ruwa ba ya riƙe iska daidai a kowane yanayi. Lita ɗaya ta ruwan daɗi a digiri 10 tana ɗaukar kusan miligiram 11.3 na oksijin. A digiri 20 ya sauko 9.1, a digiri 30 kuma kusan 7.5. Ruwan gishiri ma bai kai haka ba, yana ƙasa da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Ke nan a daidai lokacin da buƙatar dabbar ta ninka sau huɗu, abin da ruwan ke bayarwa ya ragu da sulusi. Gaba kura, baya sayaki. Masanin nan Hans-Otto Pörtner na Cibiyar Alfred Wegener da ke Bremerhaven a Jamus ya gina bayani a kan wannan: ya ce abin da ke fara gazawa idan ruwa ya yi zafi shi ne iya kai iska ga sassan jiki. Zuciya na ƙara sauri, matata na ƙara aiki, har a kai inda duk iskar da aka samu tana tafiya ne wajen riƙe rai kawai, babu rarar da za a yi girma ko ƙwai ko haƙa da ita. Akwai masanan da ke jayayya da shi kan ko bayanin ya game dukan halittun ruwa, kuma jayayyar tana da tushe. Amma akwai makankari guda da ya ba shi hujja mai ƙarfi, kuma ya cancanci a tsaya a kansa.

Sunansa na kimiyya Laternula elliptica, yana zaune a gaɓar Antaktika, can ƙurewar kudancin duniya. Ruwan da yake ciki yana farawa daga kusan digiri 1.9 ƙasa da sifili, inda ruwan gishiri ke daskarewa, kuma ko a tsakiyar lokacin ɗumi da ƙyar yake haura digiri 1. Kakanninsa sun shafe miliyoyin shekaru a wannan sanyi, komai na jikinsa an daidaita shi a kai. Yana girma a hankali, yana iya wuce shekara 30. Idan hunturu ya shigo, rana ta ɓace, tsirran ruwa suka ƙare, yakan janye bututunsa ya zauna watanni yana lallaɓa abin da ya tara.

Babban abokin gabarsa tsaunukan ƙanƙara ne da ke yawo a kan teku. Gindinsu na karce ƙasa kamar garma, ya murƙushe wasu, ya tono wasu ya yar a fili. Wanda aka tono, idan bai koma ƙasa ba, ya zama abincin masu yawo a ƙasan teku. Lloyd Peck da abokan aikinsa na hukumar binciken Antaktika ta Birtaniya, masu tasha a Rothera, suka kawo wata tambaya mai sauƙi. An san cewa idan ana ɗumama ruwa, wannan makankari ba ya mutuwa sai an kai wajen digiri 9. Amma a wane digiri yake kasa komawa cikin taɓo? Suka tono su, suka ajiye a kan taɓo a tankuna masu zafi daban-daban, suka jira. Sakamakon da suka wallafa a 2004 ya nuna cewa tsakanin digiri 2 da 3, rabinsu sun kasa binne kansu. A digiri 5, ko ɗaya bai iya ba.

A dubi tazarar nan da kyau. Ruwa mai digiri 5 ruwan firji ne, hannu ba ya jure shi. Amma ga wannan halitta, shi ne zafin da ke kashe ƙafa. Yana nan da rai, zuciyarsa na bugawa, wanda ya duba tankin zai rubuta cewa babu wanda ya mutu. A cikin teku kuwa nasa ya ƙare. Bayan shekara uku masanan suka ƙara wani gwaji: da aka ƙara wa ruwan oksijin, sai da yawa suka iya haƙa a zafin da a da ya gagare su, da aka rage kuma suka gaza da wuri. Manya ne ke fara gazawa kafin ƙanana, kuma manyan su ne masu zuba ƙwai.

Ra'ayin mai wannan lacca ke nan, kuma yana kansa da gaske: kuskure ne babba a auna haɗarin ɗumamar ruwa da digirin da dabba ke mutuwa. Ma'aunin da ya dace shi ne digirin da take daina iya aikin da rayuwarta ta dogara a kai, kuma wannan yana zuwa tun da sauran nisa.

Sai a koma ga Ming. Irinsa, Arctica islandica, yana son ruwan arewacin tekun Atlantika mai sanyi, ba ya daɗewa inda zafin ƙasan teku ke wuce digiri 16. Sanyi na rage masa wuta, amma yana da wata dabara tasa. A 1976 wani masani mai suna A. C. Taylor ya lura cewa wannan makankari, ba tare da wani abu ya dame shi ba, yakan nutse can ƙasa inda bututunsa ba zai kai ruwa ba, ya rufe ɓawo, ya yi kwana ɗaya har zuwa bakwai ba ya shan iska. Bugun zuciyarsa ya yi ƙasa ƙwarai, jiki ya koma wata hanyar samun ƙarfi da ba ta buƙatar oksijin, wutar ta zama 'yar garwashi cikin toka. Sannan ya hauro ya ci gaba da harkarsa. Masunta a ƙasar Hausa sun san mai irin wannan hali: gaiwa, wadda ke shiga taɓo idan fadama ta ƙafe, ta naɗe kanta ta jira damina. Wasu makankaran kogunan Afirka ma suna yin watanni a busasshen laka har ruwa ya dawo.

Sai dai kada a ce sanyi kaɗai ne sirrin. Irin Ming da ke tekun Baltik, kusa da Kiel, da wuya ya wuce shekara 40, alhali na Ayislan kan haura 200. A Baltik zafi na hawa da sauka sosai, gishirin ruwa ya yi ƙaranci, iska kan ƙare a ƙasa. Na Antaktika kuma, da ya fi kowa zama cikin sanyi, bai kai ko kusa da Ming ba. Akwai rabon gado a ciki: binciken ƙwayoyin jikin Arctica ya nuna suna da juriyar lalacewa fiye da na danginsa masu gajeren kwana.

Ɗumi ba sai ya yi tsanani yake ɓarna ba. Misali mafi kyau yana tekun Wadden, wata doguwar fadamar gishiri da ta bi gaɓar Holan da Jamus da Denmak, inda teku ke janyewa sau biyu a rana ya bar taɓo iya ganin ido. Tun wajen 1970 Jan Beukema na cibiyar binciken teku ta Holan da ke tsibirin Texel ya riƙa zuwa wani yanki mai suna Balgzand, shekara bayan shekara, yana ɗiban taɓo a wurare iri ɗaya, yana tacewa, yana ƙirgawa, yana auna nauyi. Aiki ne na haƙuri wanda ba ya kawo suna da wuri, kuma irinsa ne ke nuna abin da gwajin wata uku ba zai nuna ba.

Abin da ya gano game da wani ƙaramin makankari, Macoma balthica, ya saɓa wa tunanin farko. Hunturu mai sauƙi ya fi cutar da shi fiye da mai tsanani. Dalili kuwa, a hunturun Turai hasken rana kaɗan ne, tsirran ruwa ba sa yaɗuwa, abinci babu. Dabbar na rayuwa ne da abin da ta tara, kamar magidanci da rumbunsa tsakanin kaka da damina. Idan ruwa ya yi sanyi ƙwarai, wutar jiki ta lafa, rumbu ya kai. Idan ya ɗan yi ɗumi da digiri biyu ko uku, ci ya ƙaru alhali babu shigowa. Sai a fito hunturu a rame, ƙwan da za a zuba ya ragu. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: bayan hunturu mai sauƙi, jatan lande da ƙananan ƙaguwa na isowa fadamar da wuri, daidai lokacin da 'ya'yan makankarin ke sauka a taɓo, su cinye su tun ba su kai ƙwayar gero ba. Shi ya sa shekarun da suka fi yawan sabon iri a wannan fadama su ne waɗanda suka biyo bayan hunturu mai tsanani.

Wannan rama tana da hanyar da ta iso Afirka ta Yamma. Akwai wani ɗan tsuntsun gaɓa, Calidris canutus, da ke ƙyanƙyasa a arewacin Saibiriya, ya yada zango a Wadden ya yi ƙiba, sannan ya taso zuwa Bank Dargin a gaɓar Muritaniya, wasu har tsibiran Bijagos na Gini Bisau. Yakan haɗiye makankari da ɓawonsa, ƙundunsa ya niƙa. Idan nama ya yi kaɗan a cikin ɓawo, sai ya cika ciki da tsakuwa bai sami guzurin tafiyar dubban kilomita ba.

Wani lokaci kuma zafin kan zo gaba ɗaya. A ƙarshen Yunin 2021 wani matsanancin zafi ya rufe yammacin Kanada da arewa maso yammacin Amurka, har garin Lytton ya kai digiri 49.6. Aka yi rashin sa'a, kwanakin sun dace da lokacin da teku ke janyewa mafi nisa a shekara, kuma a wurare da dama da tsakar rana. Christopher Harley na Jami'ar British Columbia ya ƙiyasta cewa halittun gaɓa fiye da biliyan ɗaya sun mutu. Da masana suka tattara rahotannin gaɓa-gaɓa, sai aka ga zurfin rami ya raba masu rai da matattu. Irin da ke zama dab da saman yashi sun mutu da yawa, an same su a buɗe suna wari. Irin da ke nutsewa fiye da santimita 15 sun fi tsira, domin yashi garkuwa ne, zafin rana ba ya ratsa shi da sauri. Mai haƙa rijiya ya san sanyin da ƙafa ke tararwa a ƙasa ko a watan Afrilu.

Nutsewar ma ba kyauta ba ce. Haƙa na cin iska a lokacin da iska ta yi wuya, kuma wanda ya yi nisa da sama cin abinci na yi masa wahala. Rufe ɓawo na kare shi na ɗan lokaci, amma bashi ne: gurɓatattun sinadarai na taruwa a jiki, kuma idan ruwa ya dawo sai ya sha iska fiye da ƙima kafin ya warware. Kwana ɗaya na zafi ana iya biya. Kwana huɗu a jere wani abu ne daban.

A jihar Maine ta Amurka, inda haƙar makankari mai laushin ɓawo sana'a ce ta gado, abin ya biyo ta hannun ƙaguwa. Tekun yankin na cikin waɗanda suka fi saurin ɗumama a duniya, sanyin da ke rage koriyar ƙaguwa ya yi sauƙi, ita ma wutar jikinta ta ƙaru, cinta ya ƙaru. Gwaje-gwajen Brian Beal na Jami'ar Maine sun nuna cewa inda aka kare taɓo da raga, 'ya'yan makankari na rayuwa da yawa, inda aka bari a buɗe kuwa kusan duka ake cinyewa.

Mai sauraro na iya cewa duk waɗannan ƙasashen sanyi ne, halittar da ta saba da zafi ba ruwanta. Binciken da aka yi ya nuna akasin haka: yawancin na ƙasashen zafi suna zaune ne kusa da iyakar abin da za su iya jurewa, tazarar da ta rage musu ba ta da yawa. Kuma akwai masu cin abinci da su a kusa. A ƙarshen kogin Volta a Gana, wajen Ada da Sogakope, maza na nutso su kwaso wani makankarin ruwan daɗi mai suna Galatea paradoxa, mata su dafa, su soya, su tsire a tsinke su sayar wa matafiya, ɓawon kuma a ƙona shi a yi farar ƙasa ko a niƙa a zuba a abincin kaji. Irinsa na nan a kogin Kuros Riba a Najeriya da kogin Sanaga a Kamaru. Tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965 tafiyar ruwan Volta ta sauya, yankin da ake samunsa ya tsuke ƙwarai. Kogin da aka rage wa gudu da zurfi ya fi saurin ɗaukar zafi, ciyawa ta fi cika shi, iskarsa ta fi raguwa da dare.

Gwajin da Peck ya yi a ƙarshen duniya ba ya buƙatar jirgin ruwa. Ɗalibi a Ada, ko a bakin tafkin Kainji da makankarin da ke wurin, zai iya yin irinsa da robobi shida, da yashin kogin da aka ɗebo dabbar, da ma'aunin zafi, da agogo. Ya bar roba biyu a zafin kogin, biyu ya ɗaga su da digiri 2, biyu da digiri 4, yana ɗagawa a hankali cikin kwanaki don kada ya gigita su. Ya raba manya da ƙanana, ya jera goma-goma a kan yashin, ya rubuta lokaci. Washegari a daidai wannan lokaci ya dawo ya ƙirga nawa suka shige ƙasa, nawa ke kwance a sama.